Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shawara Ga Mai Shirin Bin Mijinta Amurka

 

A wannan mako ina so mu tattauna wani al'amari wanda a da sai dai mu ji labarinsa daga nesa, amma yanzu ya shigo har cikin gidajenmu. Watau maganar yarinyar da aka ɗaura wa aure da mutumin da ke zaune a Amurka, ga ta da igiyar aure amma tana zaune a ɗakin uwarta, tana jiran ranar da za a kira ta ofishin jakadanci a yi mata tambayoyi kafin a ba ta biza ta tare a gidan mijinta. Wannan ganawa ita ce mutane ke kira intabiyu. Sau da yawa ba ta wuce 'yan mintoci, amma a kanta zaman shekara biyu ko uku yake rataye.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne abin da ya sami wata 'yar'uwata, 'yar ƙanwar mahaifiyata. An ɗaura mata aure a 2021 da wani ɗan unguwarmu da ya daɗe a Amurka har ya zama ɗan ƙasa. Da yake ni ce malamar makaranta a gidan, duk takardar da ta zo ni ake kawo wa in karanta, har ni na raka ta Ikko a 2023. Na ga inda muka yi daidai, na kuma ga inda muka yi sake har ya ja mana ƙarin wata biyu na zullumi. Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, saboda haka ga abin da na koya.

YADDA HANYAR TAKE

Da farko dai ki sani ba ke ce za ki fara neman bizar ba, maigida ne zai fara daga can. Shi zai cika wani fom mai lamba I-130 ya miƙa wa hukumar shige da fice ta ƙasar, wadda ake kira USCIS, yana mai shaida cewa ke matarsa ce. A watan Afrilu 2024 aka mai da kuɗin wannan fom dala 675 in a takarda aka cika, dala 625 in ta intanet ne. In hukumar ta amince, sai ta tura fayil ɗin wata cibiya da ake kira NVC, wadda aikinta tattara takardu. A nan ne ake biyan kuɗin neman biza, wanda a 2024 dala 325 ne, da kuɗin duba takardar ɗaukar nauyi dala 120. Sa'an nan ke kuma a cika miki naki fom ɗin mai lamba DS-260 ta intanet. Sai cibiyar ta ga kome ya cika kana ta aiko da wasiƙa mai ɗauke da rana da lokacin ganawa.

Takardar ɗaukar nauyin nan, mai lamba I-864, alkawari ne da maigida ke ɗaukar wa gwamnatinsu cewa shi zai ci da ke ya sha da ke, ba za ki zama kaya a kan baitulmalinsu ba. Dole abin da yake samu a shekara ya kai ma'aunin talauci da gwamnatin ke fitarwa kowace shekara, da ƙarin rubu'i a kai, watau kashi 125 cikin 100. Zai haɗa da takardun harajinsa. In samunsa bai kai ba, doka ta yarda ya sami wani mazaunin ƙasar ya tsaya masa, shi ma ya cika irin wannan takarda.

Bizar kuma iri-iri ce. In mijinki ɗan ƙasa ne, kuma aurenku bai cika shekara 2 ba ranar da kika shiga ƙasar, za ki shiga da matsayin da ake kira CR1, katin zamanki na shekara 2 ne. In auren ya wuce shekara 2, IR1 ke nan, katin na shekara 10. In kuwa maigida koren kati kaɗai gare shi, bai zama ɗan ƙasa ba, kina rukunin F2A, wanda ke da iyakar adadi a shekara, don haka akan bi layi. Yana da kyau ki san rukunin da kike, domin wata ƙawa za ta zo ta ce miki ita nata bai daɗe haka ba, alhali kuwa ba layinku ɗaya ba.

ƘOFAR TAKAN BUƊE TAKAN RUFE

Kafin a kashe ko kwabo, akwai gaskiyar da ya wajaba in faɗa. Wannan ƙofa ba kullum take a buɗe ba, tana bin ra'ayin gwamnatin da ke ci. A ƙarshen watan Janairu 2020 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar da ta dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar zama, ta fara aiki a watan Fabrairu. Ran 20 ga Janairu 2021, ranar da Shugaba Joe Biden ya hau mulki, ya soke ta. A watan Yuni 2025 Shugaba Trump ya sake fito da wata doka da ta rufe wa 'yan wasu ƙasashe ƙofa, cikinsu har da Chadi da Sudan. A watan Disamba 2025 ya faɗaɗa ta ta haɗa da Nijar da Nijeriya, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, aka kuma cire rangwamen da aka yi wa matan 'yan ƙasa a ta farkon.

Saboda haka abu na farko shi ne maigida ya duba sanarwar ofishin jakadancin da kansa, ko ya tuntuɓi lauyan shige da fice a can, ya san halin da ƙofar ke ciki ga 'yan ƙasarku a ranar da kuke magana. Amma ko an tarar da ita a rufe, kada a watsar da fayil. Ta 2020 ba ta cika shekara guda tana aiki ba. Kuma a dokarsu, in aka sanar da ku cewa lokacin neman biza ya yi kuka bar fayil ya shekara ba wanda ya waiwaye shi, ana iya rufe shi, a koma farko. Gyaran takardu kuwa ba ya jiran buɗewar ƙofa, domin shi ne ya fi cin lokaci.

TAKARDU

Ni a aji nakan gaya wa yara, wanda ya zo jarrabawa ba alƙalami ya faɗi tun bai ga tambaya ba. To, haka wannan ma. Ki sayi jakar takardu mai aljihu-aljihu, ki jera waɗannan, kowace da ta asali da kwafinta:

Fasfo, wanda zai kai aƙalla wata 6 da rai bayan ranar da kike nufin shiga ƙasar. Takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wadda ba a yi wa rajista tana jaririya ba, sai ta yi rantsuwar shekaru a kotu, hukumar ta ba ta takardar shaida. Takardar aure. Takardar mutuwar duk wani aure da ke ko shi kuka taɓa yi, ko ta saki ko ta rasuwa. Takardar 'yan sanda mai shaida cewa ba ki da laifi a kanki, wadda ake nema ga duk wanda ya kai shekara 16. In kin taɓa zama wata ƙasa shekara guda ko fiye bayan kin kai waɗannan shekaru, misali kin yi karatu a Masar ko Gana, za a nemi ta can ma. Sai hotuna biyu masu inci 2 tsawo inci 2 faɗi, bayansu fari, waɗanda ba su wuce wata 6 da ɗauka ba. Ba a sa tabarau. An yarda ki sa hijabinki, muddin fuska ta fito sarai daga goshi zuwa haɓa. Sai wasiƙar kiran, da shafin da ke nuna an karɓi DS-260 ɗinki.

Duk takardar da aka rubuta da Larabci ko Hausa, ko da boko ko da ajami, sai an fassara ta da Turanci, mai fassarar ya sa hannu ya shaida cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar daidai take.

To, ga inda mu 'yan Arewa muke yawan tuntuɓe: suna da ranar haihuwa. Yarinya ɗaya, a takardar firamare an rubuta sunanta da na mahaifinta, a ta sakandare an sa sunan garinsu, a fasfo an sa na kakanta, a takardar aure kuma liman ya rubuta sunan da ake kiranta da shi a gida. A nan Muhammad, a can Mohammed, a wata Mamman. Ranar haihuwa kuwa hedimasta ne ya ƙaga ranar da aka kai ta aji ɗaya. Mu a wurinmu wannan ba kome ba ne, duk gari an san 'yar wane ce. Amma baturen da ke bayan gilashi bai san gidanku ba, takarda kaɗai ya sani. Ki baje takardunki a tabarma tun yau, ki bi su harafi-harafi. Inda aka sami saɓani, a je hukumar da ta ba da takardar a gyara ta hanyar da doka ta tanada. Kada ki yarda wani ya sa reza ko farin ruwan gogewa ya gyara miki, kuma kada ki karɓi takardar da aka buga a bayan kasuwa. A fom ɗin DS-260 akwai gurbin da ake tambayar duk sunayen da kika taɓa amfani da su, a rubuta su duka.

Kuma ko wa ya cika miki fom ɗin nan, ko maigida ne ko yaron shagon kwamfuta, ki sa a buga miki kwafi, a karanta miki shi layi-layi da Hausa. Abin da ke ciki maganarki ce, a kansa za ki yi rantsuwa.

AURENMU DA DOKARSU

Ƙa'idarsu ita ce, auren da ya halatta a ƙasar da aka ɗaura shi, su ma sun karɓe shi. Don haka auren da aka ɗaura a masallaci ko a ƙofar gida, da waliyyi da shaidu da sadaki, aure ne. Sai dai a samo masa takarda daga hukumar da aka sani. Amma akwai wurare uku da al'adarmu da dokarsu suke karo.

Na farko, ɗaurin aure ta wakilci. Kun san yadda muke yi: ango yana wata uwa duniya, baffansa ya karɓa masa, a raba goro da alewa, a shafa fatiha. A dokar Amurka, auren da aka ɗaura ba tare da ango da amarya suna wuri ɗaya ba, ba ya zama aure wajen biza sai in sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Ashe ke nan dole maigida ya zo gida, ko ku haɗu a wata ƙasa, kafin ya miƙa fom ɗin farko, kuma ku ajiye shaidar wannan haɗuwa: hatimin shiga da fita a fasfonsa, tikitin jirgi, hotunanku tare, rasidin masauki in akwai.

Na biyu, mace fiye da ɗaya. Dokarsu ba ta san kishiya ba. Mutumin da ke da uwargida da igiyarta, ba zai iya ɗaukar amarya da bizar matar aure ba, kuma an hana biza ga duk wanda zai shiga ƙasar da nufin zaman mata fiye da ɗaya. Iyaye, ku yi bincike tun kafin ku karɓi kuɗin gaisuwa. In ya ce ya taɓa aure a can sun rabu, a nemi ganin takardar kotu, a kuma duba kwanan watan da ke jiki, domin in an ɗaura naki kafin kotu ta kashe wancan, naki bai tsaya ba a wurinsu. Haka ke ma in bazawara ce. 'Yar takardar da tsohon miji ya yago daga littafin yaro ya rubuta saki ba za ta wadatar ba, sai an kai ta gaban alƙali ya ba da ta kotu mai hatimi.

Na uku, 'ya'ya. In maigida ɗan ƙasa ne kuma kina da ɗa daga auren fari, ba ya bin bizarki, sai an cika masa nasa I-130 daban, kuma sai in an ɗaura aurenku kafin yaron ya cika shekara 18. Ɗan da kika haifa wa maigida kuwa, mai yiwuwa ne ya gaji zama ɗan ƙasa daga ubansa, sai a yi masa rajista a ofishin jakadanci a nema masa fasfo. Ko za ki tafi da yaro ko za ki bar shi wurin kakarsa, a rubuta sunansa a fom. Ɓoye ɗa yau, shi ne rufe masa hanya gobe.

GANIN LIKITA

Kafin ranar ganawa sai kin je gwajin lafiya, kuma ba kowane asibiti ba, sai likitocin da ofishin ya amince da su, waɗanda za a ba ku sunayensu. Ki nemi rana da zarar wasiƙa ta zo. Za a duba jikinki, a ɗauki hoton ƙirji saboda tarin fuka, a yi gwajin jini, a kuma duba katin rigakafinki na cututtuka irin su ƙyanda, shan inna, ƙarambau da ciwon hanta. Ki tambayi Inna ko katin asibitinki na yarinta yana nan a ƙasan adaka. In babu, za a yi miki alluran da suka dace da shekarunki, ki biya. In kina da juna biyu ki faɗa tun a bakin ƙofa, ba abin kunya ba ne, domin akwai allurar da ba a yi wa mai ciki, kuma akwai kariyar da ake yi mata wajen ɗaukar hoto.

In hoton ƙirji ya nuna wani tabo, za a karɓi majina a yi gwajin da ke ɗaukar wajen mako 8. Kada hankalinki ya tashi. Tarin fuka yana da magani, wadda aka samu da shi takan sha magani ta warke ta ci gaba da nemanta. In likita ya ba ki ambulan a manne, kada ki buɗe, haka za ki miƙa shi.

TAMBAYOYI DA ALKUNYA

Abu ɗaya jami'in yake son ya gane: auren nan na gaskiya ne, ko kuwa an ƙulla shi ne don biza? Tun 1986 suka yi doka mai tsanani a kan auren bogi, mai hukuncin ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai dala 250,000. Shi ya sa tambayoyin duk a kan zamanku suke. Yaya aka yi kuka san juna? Wa ya haɗa ku? Yaushe aka ɗaura aure, a ina, su wa suka halarta? Mene ne cikakken sunan mijinki, yaushe aka haife shi? Wane aiki yake yi, a wane gari, a wace jiha? Da wa yake zaune? Ya taɓa aure, yana da 'ya'ya? Yaushe rabonki da ganinsa? Ta yaya kuke magana?

'Yan'uwa, a nan ne tarbiyyarmu takan zame mana tarko. An raine mu a kan mace ba ta kama sunan mijinta, sai "Malam", sai "Alhaji", sai "shi". Ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta tambayar miji nawa ne albashinsa ko shekarunsa. Ba ta ɗaga ido ta dubi baƙon namiji. Duk wannan a gida ado ne. Amma a gaban tagar nan, in aka ce miki mene ne sunan mijinki kika sunkuyar da kai kina wasa da bakin mayafi, wanda bai san al'adarmu ba zai ɗauka ba ki sani ba ne. Ranar da na fara gwada 'yar'uwata, na ce ta faɗi sunan maigidanta, rufe fuska ta yi ta fashe da dariya. Sai da muka yi mako biyu, kullum bayan sallar isha'i ina zama jami'i tana tsaye a bakin taga, kana bakinta ya saba.

Ke ma ki sami wadda za ta yi miki haka. Ku zauna da maigida a waya ku bi tarihinku tun daga farko, ki rubuta ranaku a littafi. Ba hadda nake nufi ba, irin ta yaran da ke rera karatu ba su san ma'ana ba, domin mai hadda da an juya tambaya sai ya ruɗe. Sanin mijinki nake nufi. In auren haɗi ne, iyaye suka haɗa, ki faɗi haka. In ɗan baffanki ne, kada ki ɓoye zumuncin, sai dai maigida ya bincika tun da wuri, domin jihohinsu sun sha bamban a kan auren 'yan'uwa. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba. Tambayar da ba ki ji ba ki roƙa a maimaita. In Turancinki bai yi ƙarfi ba, a rubuta wa ofishin tun da sauran lokaci a tambayi ƙa'idarsu a kan tafinta.

Ki tafi da shaidar zamanku: hotunan biki da na kamu da na ziyararsa, waɗanda iyaye da dangi suka fito a ciki, rasidin kuɗin da yake aiko miki, da wasu shafuka na hirarku ta waya daga watanni dabam-dabam. A buga su a takarda, domin ba a shiga da waya. Zaɓi kaɗan masu ma'ana, ba sai kin cika buhu ba.

TAFIYA IKKO

A Nijeriya ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Ikko, a tsibirin Biktoriya, shi ke ganawa da masu neman bizar zama, ba babban ofishin da ke Abuja ba. Ki bi adireshin da ke jikin wasiƙarki. Daga Kano tafiyar ta kai wajen kilomita 1,000 a mota, don haka ki isa da kwana biyu a hannu. In masaukinki wajen 'yan'uwa ne a Agege ko Idi Araba, ki tuna da cunkoson motocin garin, ki fito da asuba, ko ki nemi kwana kusa, wajen Obalande. Ba dole ne maigida ya zo ba, kuma wanda ya rako ki a waje zai tsaya, shi zai riƙe miki waya da babbar jaka.

Wata shawara kuma ta mu mata: ki haƙura da ƙunshi. Za a ɗauki zanen yatsunki goma a na'ura, lalle kuwa yakan hana na'ura karanta yatsa, kamar yadda 'yan makaranta masu rajistar jarrabawa suka sha gani. A bar kwalliyar sai ranar tafiya. Ki sa tufafinki na mutunci waɗanda kika saba da su, ki karya kumallo, domin akwai jira.

A bakin irin waɗannan wurare ba a rasa masu cewa sun san wani a ciki. Ƙarya ce, ba mai sayar miki da biza. Mu ma wani mai kiran kansa ejan, da aka haɗa mu da shi a masauki, ya duba takardunmu ya ce wa 'yar'uwata in an tambaye ta ko ango yana nan ranar ɗaurin aure ta ce yana nan, wai kada ta jawo wa kanta dogon bincike. Daren nan ba ta yi barci ba. Da asuba ta ce mini, "Yaya, hannu fa zan ɗaga in yi rantsuwa. Ba zan iya ba." Na ce mata ramin ƙarya ƙurarre ne, ta faɗi abin da ya faru.

Aka kuwa yi mata tambayar. Ta ce ba ya nan, baffansa ne ya karɓa masa, amma ya zo bayan wata takwas sun zauna mako biyar. Jami'ar ta ce ina shaida? A nan ne sakenmu ya fito, domin mun cika jaka da hotunan biki, waɗanda ango ba ya ciki ko ɗaya, mun baro hotunan zuwansa a gida, kwafin fasfonsa kuwa ba mu ma nema ba. Aka miƙo mata wata takarda mai lamba 221(g). Ta fito tana kuka, ta ɗauka an hana ta ke nan har abada.

SAKAMAKO

To, ku san ma'anar wannan takarda tun yanzu. Tana nufin ba a ba da biza a ranar ba, ko don wata takarda ta rage, ko don suna son ƙarin bincike. In takarda ce ta rage, an ba ki shekara guda ki kawo ta. Mu dai muka koma gida, maigidanta ya aiko da kwafin shafukan fasfonsa da tikitinsa, muka haɗa da hotuna muka aika ta hanyar da aka rubuta a takardar. Bayan wata biyu fasfonta ya dawo da biza a ciki. Da ta bi shawarar ejan, hatimin da ke fasfon mijin ne zai tona ta, kuma hukuncin wanda aka kama ya yi ƙarya da gangan don samun biza shi ne hani na har abada, sai in an yi masa afuwa ta musamman, wadda ba ta samuwa da sauƙi.

In Allah ya sa an dace, ki duba bizar nan da nan, ko an rubuta sunanki da ranar haihuwarki daidai. Ranta ba ya wuce wata 6, wani lokaci ma bai kai ba, domin yana bin ranar gwajin likita. Akwai sauran kuɗi guda da ake biya wa USCIS don buga katin zama, wanda aka mai da dala 235 a 2024. Kada a sayi tikiti, kada ki ajiye aiki, kada a sayar da gado da kwanuka, sai fasfo ya dawo hannunki. Mai katin shekara 2 kuma ta riƙe a ranta cewa a cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare, ita da maigida za su cika fom mai lamba I-751 a mai da shi na dindindin.

Daga ƙarshe, akan ba matan aure wata 'yar ƙasida mai bayanin haƙƙinsu a ƙasar. Kada ki ƙunshe gyaɗa da ita, ki sa a karanta miki. Muna yi wa kowa fatan zaman lafiya, amma za ki inda babu Inna babu Baba, babu wan da zai zo ya yi magana. Ki sani duka da azabtarwa laifi ne a dokarsu ko da daga miji ne, lambar neman agaji 911 ce, kuma tun 1994 akwai dokar da ta ba matar da ake zalunta damar neman takardar zamanta da kanta ba tare da sa hannun mijin ba. Fasfonki da katinki su zauna a hannunki. Ki riƙe lambar wani naki a ka, ki kuma nemi matan masallacin unguwarku da zarar kin sauka.

Ku kuma iyaye da surukai, ku taya yarinya haƙuri. Zaman jiran nan da ciwo, ga gorin maƙwabta masu cewa auren waya aka yi mata. Maimakon tambayar "yaushe za ki tafi" kullum safiya, a taimaka mata da zirga-zirgar kotu da ofisoshi.

Wadda ta bi wannan hanya ta ga wani abin da ban ambata ba, ta rubuto mana domin 'yan baya su amfana. Allah ya haɗa kowace da mijinta cikin alheri, ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.